Koren Yadin da Nasiru Ya Kawo Mini

Zuwa ga Yaya Hauwa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, da fatan kina lafiya, ke da Malam da yara. Yaya ciwon gwiwar? Yaya zafin Garwa? Mu nan unguwar Birketiri sai godiya, amma raina a ɓace yake.

Kin san duk shekara ni ke ɗinka wa 'ya'yan ɗana Nasiru kayan makaranta. Bana ya kawo mini koren yadi maimakon shuɗin da aka saba. Na tambaya, ya ce, "Baba, launi aka canza." Na hau keke na ɗinka, har na ƙara wa Hadiza aljihun da ta roƙa.

Kayan na rataye a shago wata mata ta shigo ta ce, "Malam Sani, wa kake da shi a makarantar gwamnati ta can bayan unguwar Etudi? Irin na 'yata ne."

Ashe ɗan nan ya riga ya kama haya a can! Da na tsare shi, ya ce azuzuwansu babu cunkoso, malamai kuma suna zuwa. Da ya shawarce ni, wallahi ni zan raka shi duba unguwar. Amma ya dubi idona ya yi mini ƙarya, ya sa na ɗinka wa jikokina kayan barina da hannuna.

Sun tashi ranar Asabar. Hadiza ta tambaye ni wa zai riƙa raka ta makaranta da safe.

Ki sa mu a addu'a, ki gaida mutanen gida. Idan Nasiru ya kira ki don ki ba ni haƙuri, ki fara tambayarsa wa ya canza launin.

Ƙaninki,
Sani