Kububuwa a Ƙarƙashin Dami

Daren Talata, watan Safar, Haɗeja.

Tun safe nake tsaye a ɗakin shan magani, amma barci ya ƙi zuwa. Da hantsi aka kawo Malam Garba daga wani ƙauye na wajen Kirikasamma, 'yan'uwansa na ɗauke da shi a kan gadon kara. Shekaranjiya kububuwa ta sare shi a ƙafa yana ɗaga damin shinkafa. Sun ɗaure cinyar da igiya tamau, wanzami ya tsattsaga wurin, sun yi ta ɗura masa jiƙo. Sai da jini ya fara tsatsa daga dasashinsa suka tuna da mu.

Na sa hannu zan kwance igiyar, wansa Malam Sule ya riƙe ni. "Malam, dafin zai hau."

Na ce, "Baba, ai ya riga ya hau."

Na wanke ciwon, na naɗe. Allurar maganin dafi tana Kano, likita kuwa ban san ranar rangadinsa ba. Bayan la'asar Malam Garba ya cika. Allah ya ji ƙansa.

Duk shekara haka ne: ruwa ya cika fadama, macizai su hau tudu, su shige dami. Na gaji da wanke ƙafafun da ba zan iya ceta ba.

Bayan jana'iza Malam Sule ya ce da asuba za su koma, shinkafar na ƙasa tsuntsaye na ci. Na roƙe shi su riƙa bugun dami da sanda kafin su sa hannu. Ya ce, "To, Malam," amma hankalinsa ya riga ya koma gona.