Kafin Ka Ɗauki Alƙalamin Baba

Ya Aijaz, garwashina a tsakiyar hunturu, inuwar bishiyata ta cinar a tsakiyar rani, kai da zuciyata ke narkewa in ta ji takunka kamar ƙanƙarar kan rufin gidajen Sirinagar in rana ta leƙo!

Ka ga abin da ka mayar da ni? Ni Ulfat, wadda ta yi shekara biyar a jami'a tana yi wa masu irin waɗannan kalamai dariya, yau ga ni ina jera su babu kunya. Ka yi haƙuri da zumuɗina, da dalili. Baba ya ce ka dawo ran Lahadi bayan la'asar. Ka dawo! Sake karanta layin nan, ni ma sau uku na sa Inna ta maimaita mini.

Ba sai na tuna maka zuwanka na farko ba, amma zan tuna maka, don labarin yana yi mini daɗi yanzu. Ka shigo da sabuwar rigar sanyi, ka durƙusa ka gaida Baba, aka miƙo maka kangiri, ɗan kaskon garwashin nan na jin ɗumi, don karramawa. Kai kuwa ka cusa kaskon cikin riga, ka rungume shi kamar ka tsinci ɗan'uwanka da ya ɓata. Rabin sa'a kana gasa tafinka a kan garwashi. Ko da Baba ya turo maka takarda da alƙalamin kara ya ce ka rubuta sunan mahaifinka da na kakanka, yatsunka sun yi luhu-luhu, tafinka ya jiƙe da gumi, gefen hannunka ya bi tawada ya shafe duk abin da ka rubuta. Kakanka, Allah ya jiƙansa, ya koma baƙin gajimare. Ina bayan labule ina cizon mayafi, ban san ko dariya nake dannewa ko kuka ba. Baba ya daɗe yana duban takardar, sannan ya ce, "Ɗana, sha shayinka kada ya huce."

Ka san shi. Shekara talatin yana rubuta jarida da hannu kafin na'ura ta sallame su, kuma har gobe yana nan a kan bakansa: baki na iya yin ƙarya, hannu ba ya iyawa, ba zai ba da 'yarsa ga wanda bai ga natsuwar hannunsa ba. Mutum biyu mai dalilin aure ya kawo kafin kai, duk a kan takardar nan suka faɗi, ban yi asarar ɗigon hawaye ba. Taka ce ta hana ni cin abinci. Wai hannun masassaƙin da ke fitar da ganyen cinar daga busasshen katako, har da jijiyoyinsa, har mutum ya zaci iska za ta kaɗa shi, shi ne zai kasa ja wa harafi wutsiya? Wai a kan gumi zan rasa ka?

To, ji abin da ya faru yau da hantsi. Baba ya kira ni. "Ke 'yar boko, zo nan. Rubutunki ya lalace, kamar tururuwa ta faɗa tawada ta fito." Rubutuna lafiyarsa ƙalau, shi ya koya mini. Na dai zauna. Sai ya ture kangirinsa gefe ya ce, "Wuta fata kawai take dumamawa. Marubuci daga ciki yake hura tasa." Ya shiga nuna mini yadda marubutan jarida suke motsa hannu a ɗakin rubutu kafin su taɓa alƙalami, abin da bai taɓa nuna wa kowa ba a gidan nan. Da ya gama ya kau da kai ya ce, "Ki riƙe da kyau. Wataƙila ki haɗu da wani mai hannu kamar shebur da zai amfana." Inna ta ɗaga murya daga madafa: "Malam, ka faɗi sunan yaron mana, ai ba haram ba ne!" Baba ya yi tari, ya ce shayinmu na gishiri yau gishirin ya yi masa yawa.

Saboda haka buɗe kunnenka, ya abin begena. Ka murza tafukanka da juna har sai ka ji ɗumi ya taso. Ka dunƙule hannu, ka ware yatsu iya warewa, sau goma. Babban yatsa ya bi sauran ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ya dawo ta hanyar da ya bi. Ka juya wuyan hannu dama da hagu a hankali, sannan ka yarfe kamar mai yarfe ruwan alwala. Daga nan ka zana da'irori a iska, manya sannan ƙanana, kafin ka zana su a tsohuwar takarda. Safe da yamma za ka yi, har Lahadi. Idan abokan aikinka sun yi maka dariya, ka ce musu maganin sanyin ƙashi ne. Kuma don Allah alƙalami ba gizago ba ne, kada ka shaƙe shi. Riƙe shi kamar yadda ka riƙe gefen mayafina ranar da kwale-kwale ya tangaɗa da mu a tafkin Dal, riƙon da bai yamutsa ba, bai kuma saki ba.

Za a sake miƙo maka kangiri, don Baba ba ya rasa tarko. Ka karɓa da hannu biyu, ka yi godiya, ka ajiye shi kusa da ƙafarka.

Saura abu ɗaya, wanda ya hana ni zama wuri guda tun ɗazu. Ina share ɗakin Baba na ga takardar da ya tanadar maka a ƙarƙashin allon rubutunsa. Ba na leƙen asiri, ilimina ya fi ƙarfin haka, amma na leƙa. Hannunsa na rawa yanzu, ba ya son a sani, na ƙirga takardu shida da ya yaga kafin ya sami layi ɗaya da ya gamsar da shi. Layin na can sama, ƙasansa fili ne fari da ke jiran ka kwafa. Ba sunan kakanka ba ne wannan karon. Sunana ne da naka, Aijaz, a jere, da kalmar aure a tsakani, kuma ya ja wutsiyar harafin ƙarshe na sunanka ta zagayo ta tallafi nawa.

Tsohon ya rubuta nasa rabon. Ka zo ka rubuta naka da busasshen tafi. In ma hannunka ya sake cin amanarmu, zan jira wata Lahadin, da wadda ke bayanta, har dusar ƙanƙara ta manta hanyar Sirinagar. Amma ka ji tausayina, kada ka sa in jira.

Taka, yau da gobe da ranar da hannuwanmu za su yi rawa tare,
Ulfat