Igiyar Awon Bel

Dogon Dutsi, farkon damina

Yaya Luƙman,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, kai da Afra'u da yara, yaya zafin Kwatano?

Motar yankan ciyawar Baba ta tsaya, bel ɗinta ya tsinke. Ka san tun da aka sallame shi da ita daga gidan saukar baƙi, ƙafafunsa kuma suka ƙi, ita ce ƙafarsa. Ya cire wuƙaƙenta, kullum yana tafiya tuƙu-tuƙu zuwa wurin amininsa Malam Sama'ila, awaki ma suna wuce shi. Yanzu Malam Sama'ila yana kwance ba lafiya, Baba kuwa ya rantse ba za a ɗora shi a kabu-kabu kamar buhun gero ba, da kansa zai je.

Bakanike ya ce sai an san lambar bel ɗin kafin a samo sabo. Tsatsa ta cinye lambar, littafin injin kuma gara ta gama da shi. Na yanko igiya daidai tsawon tsohon bel, na ba direban da zai kawo maka wannan takarda. Don Allah ka zaga wurin masu tsofaffin kayan inji.

Ƙanwarka,
Sahura

Dogon Dutsi, tsakiyar damina

Yaya Luƙman,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyar gida, bel ya iso, Allah ya saka da alheri. Sai dai bai kai ba, saura kamar taƙi ɗaya. Da na tsare direban, ya ce a hanya ya yanki guntun igiyar ya ɗaure ƙafar zabbin wani fasinja, wai ya ɗauka igiyar banza ce. Na rasa dariya zan yi ko kuka.

Ga wata igiyar nan, na ƙulle bakinta biyu, na naɗe a leda. Ka yi sauri, Yaya. Jikin Malam Sama'ila ya yi tsanani, kullum yana aiko a tambayi Baba. Na roƙi Baba ya hau ko amalanke, ya juya mini baya. Kai ma ka san wurin wanda ka gado taurin kai.

Taka,
Sahura

Dogon Dutsi, kaka

Yaya Luƙman,

Ina gaishe ka, ina gaida Afra'u, da fatan kowa lafiya.

Allah ya yi wa Malam Sama'ila rasuwa ranar Talata. Bel na biyu ya iso ranar Alhamis, ya zauna daidai, bugu ɗaya injin ya tashi.

Ina ta da-na-sani. Da na kira maƙwabta mun ɗauki Baba mun kai shi ko yana faɗa, fushinsa da tuni ya wuce. Na biye masa, muka zauna jiran bel.

Jiya muka ɗora shi a kan motar. Ya tuƙa har bakin zaure, ya tsaya yana kallon hanya, injin yana ta ƙara. Can ya kashe, ya ce in taimaka masa ya sauka, yanzu ba shi da wanda zai je ya gani.

Ka kira shi, Yaya, ko ba zai yi magana ba.

Ƙanwarka,
Sahura