Takardar Larai Tana Cikin Durowata

Zuwa ga Goggo Saudatu,

Don Allah Goggo ki taimake ni, kuma ki hanzarta kafin Alhamis ta sama, don bayan ranar shawara ba za ta yi mini amfani ba. Yau kwana tara ke nan ina ɓoye wa matata wata takarda a durowar ofis, ƙarƙashin fayil ɗin 'yan fansho, inda na san ko ɓera ba ya leƙawa. Ban gaya wa kowa ba sai ke, ke ɗin ma don ba ki san fuskata ba.

Ni ma'aikaci ne a wata ma'aikatar tarayya, mataki na takwas, shekara tara ina kansa kamar an kafe ni da ƙusa. Ina kwana a Masaka, wato jihar Nasarawa, ina aiki a Abuja inda babu gwamna babu majalisar jiha, katin zaɓena kuma yana can jiharmu ta haihuwa, wadda ba zan kama sunanta ba. Duk abin da ya fito daga majalisar jiharmu, ta hannun ƙungiyar 'yan garinmu mazauna Abuja yake iso mana, ni ne kuwa sakataren ƙungiyar. An zaɓe ni ne saboda akwai firinta a ofishinmu.

Kin san yadda ake yi. Duk shekara Onarabul ɗinmu yakan aiko da gurabe arba'in na koyon sana'a. Mu shugabanni sai mu zauna mu cike fom da sunayen 'yan'uwa, ranar rufewa a je a ɗauki hoto, a karɓi kayan fara sana'a, masu saye kuma suna jira a bakin ƙofa. Ni da nake rubuto miki ina da satifiket shida. Na ƙware a kiwon kifi, da haɗa sabulu, da gyaran waya, har da kwalliyar amare. Surukina mai shekara tamanin, a takarda, tela ne.

Bara aka kawo koyon haɗa sola, a wani zaure a Wuse. Da na ji kayan sallamar sun fi na kullum auki, sai na sa sunan matata. Zan kira ta Larai, ba shi ne sunanta ba. Na sa lambar wayata da adireshin ofishina a fom ɗinta, don kada wani abu ya wuce ban sani ba. Ashe a wannan karon an kawo wata injiniya, Madam Glory, wadda ba ta san wasa ba. Ta zo da na'urar dangwala yatsa, ta ce wanda bai dangwala kullum ba har mako takwas, ko sukudireba ba zai gani ba. Na lallaɓa Larai na ce ta riƙa zuwa tana dangwalawa, ta samu kujerar baya ta yi gyangyaɗinta.

Goggo, ba ta yi gyangyaɗin ba. Kullum da sassafe sai ta sallami manyan yaranmu biyu makaranta, ta goya autarmu Muhibba, ta shiga bas, ta sha gosulon Mararraba da Nyanya, ta dawo da yamma tana yi mini zancen batir da inbata ina cin tuwo. Mata goma sha uku suka fara, uku suka gama. Sauran ba kasawa suka yi ba, babu inda za su ajiye yara ne, wata ma ɗanta ya kusa kama waya mai wuta, daga ranar mijinta ya hana ta. Larai ta zo ta ɗaya a ajin, har da mazan. Ranar rufewa na riga na yi magana da mai saye, ita kuwa ta rungume akwatin kayan ta wuce ni a bakin ƙofa kamar ba ta taɓa ganina ba.

Yanzu ita ke haɗa wa masu kemis da masu aski sola a Masaka. Ta ɗinka wando mai kauri tana sawa a ƙarƙashin hijabi. A layinmu an daina kirana Sakatare, an koma mijin Mai Sola. Ranar nan na sauko daga bas na hango ta a kan rufin wani shago tana ɗaure farantin sola, tana dariya da masu shagon, irin dariyar da rabona da in ji ta tun farkon aurenmu. Wallahi daɗi ya kama ni har na ji ƙwalla, sannan tsoro ya biyo baya, na bi ta bayan layi don kada ta gan ni da jakar ofis wadda babu komai a ciki sai jarida.

To ga inda matsalar take. Majalisar jiharmu tana duba ƙudurin doka kan samar da aiki da horar da ma'aikata, ta ce jama'a su kawo abin da suka fi so a sa a gaba. Muka kira taron ƙungiya. Hajiya Hasana mai abinci a kasuwar Wuse ta miƙe a madadin mata ta ce a sa ɗakin renon yara a duk wurin horo, kuma a riƙa haɗa wanda ya gama da wurin aiki maimakon a miƙa masa inji a ce ya tafi. Masu turin baro da 'yan ga-ruwa suka ce a yi musu aji da yamma, don in suka bar aikin yini guda gidansu ba za a ɗora tukunya ba. Kowa ya yi tafi, na rubuta duka a littafin taro.

Bayan an watse, shugabanmu Alhaji Nababa ya ja ni gefe ya ce takardar da za ta je gaban 'yan majalisa ya kamata ta yi nauyi, ba zancen goyo da baro ba. Ni kuma, in faɗi gaskiya, bai sha wahalar shawo kaina ba. Na goge nasu, na sa a gina wa 'yan jiha masauki a Abuja, a sayi motar ƙungiya, a riƙa tura ma'aikata irinmu kwas ƙasar waje. Na zuba Turanci mai tsada wanda ni kaina sai da na duba ƙamus. Ni ne zan karanta ta a zauren majalisa ranar Alhamis, har na kai babbar rigata wurin mai guga.

Kwatsam sai ga ambulan a ofishina da sunan Larai. Kwamitin majalisar yana gayyatarta, a matsayin wadda ta zo ta ɗaya, ta zo ta faɗi abin da ta gani a horon, rana ɗaya da ni, zaure ɗaya da ni. A ƙasa an rubuta cewa cikin waɗanda suka halarta ne za a zaɓi masu koyarwa in dokar ta wuce. Na san matata. In aka ba ta lasifika za ta faɗi zancen mata goman da suka bari, za ta faɗi cewa cikin sunaye arba'in mutum goma sha bakwai ne suka taɓa zuwa, in aka tambaye ta yadda ta shiga ma ba za ta ɓoye ba. Ni kuma ina gefe da babbar riga ina roƙon a tura ni ƙasar waje.

Sau biyu tana tambayata ko wani saƙo ya zo mata ta ofis, ina cewa babu. Ta karɓo sabon ɗinkin atamfa, ta kuma tambayi maƙwabcinmu direba ƙarfe nawa motar farko take tashi zuwa jiharmu, ina jin wani biki ne a danginsu. Ina sonta, Goggo, kuma ina jin kunyar kaina, amma ina tsoron ranar da za ta gane cewa ta wuce ni. In bar takardar a inda take har Alhamis ta wuce, in ce ta ɓata a hanya? Ai a ofishinmu takarda takan ɓata ba wanda ya yi mamaki.

Naki cikin damuwa,
Mijin Mai Sola, Masaka

*

Ɗana Mijin Mai Sola,

Na karanta wasiƙarka sau biyu, na farko ina dariya, na biyu ina neman inda zan kama kunnenka. Mutum mai satifiket na kwalliyar amare bai kamata ya bari fuskarsa ta ɓaci haka ba.

Bari in fara da abin da ba ka tambaya ba. Babu wani biki a danginsu. Matar da take gano wayar da ta tsinke a cikin silin ba za ta kasa gano ambulan a durowar mijinta ba. Kana tsammanin Madam Glory, wadda ta yi mako takwas da ita, ba ta da lambarta? Larai ta san da gayyatar. Ta ɗinka atamfarta, ta san lokacin mota, abin da take jira kawai ta ga ko mijinta zai miƙo mata da hannunsa. Sau biyu ta buɗe maka ƙofa kana rufewa. Ban san ko akwai ta uku ba.

Ba zan ce tsoronka wasa ne ba. Alhaji Nababa zai iya juya maka baya, za a iya karɓe sakatarancin, kuma shekara tara a mataki ɗaya tana cin zuciyar mutum, balle yana ganin na kusa da shi yana hawa sama, har kan rufi. Ita ma Larai ta ƙofar baya ta shiga horon nan, kuma kayan da aka sha sayarwa a bakin ƙofa ai a gidanku aka ci. In za ta faɗi gaskiya, ta faɗe ta don a gyara, ban da tozarta kowa da suna. Wannan kana da damar roƙonta. Abin da ba ka da dama a kai shi ne takardar, domin sunanta ne a jiki, guminta ne ya jawo ta. In ka bar ta a durowa, aikin koyarwa ka ƙwace mata, kuma ranar da maganar ta fito, ba za ta tuna da kai a matsayin wanda ya sa sunanta a fom ba.

Saboda haka gobe ka ɗauko ambulan ɗin, ka ba ta kafin ka sa hannu a abincinta. Kada ka ce yau ta iso. Ka ce kwana tara ta yi a wurinka, ka faɗi dalili kamar yadda ka faɗa mini, har da zancen bin bayan layi. Wannan ɗin ma ya fi komai muhimmanci, don ina zargin ba ka taɓa gaya mata ka ji daɗin ganinta a kan rufin nan ba. Za ta yi fushi, ka bar ta ta yi.

Sai takardar ƙungiya. Littafin taro yana hannunka, kuma abin da jama'a suka tafa wa shi ne matsayar ƙungiya, ba abin da aka raɗa maka a gefe ba. Ka mayar da ɗakin reno, da ajin yamma, da haɗa mutum da wurin aiki. Ka kai wa Alhaji Nababa da kanka, cikin ladabi, tare da Hajiya Hasana. Ban taɓa ganin shugaban ƙungiyar da ya yi gardama da mai ba shi abinci a Wuse ya yi nasara ba. In yana son masauki a Abuja, a sa masa a layin ƙarshe. Ka kuma rubuta ta da Hausar da mai baro zai ji ya gane maganarsa ce. 'Yan majalisa sun gaji da Turanci mai tsada, su ma a gida ƙamus suke dubawa.

Ban yi maka alkawarin dokar za ta wuce ba. Majalisu sun sha sauraron jama'a su tafi hutu. Amma ko ba ta wuce ba, za ka dawo Masaka a mota ɗaya da matarka kuna magana, wannan kuwa babu kwamitin da zai ba ka shi. In an sake kawo gurabe arba'in, ka nemo mutum arba'in masu yatsa, ka bar surukinka ya huta da ɗinki. Kai ma ba laifi ba ne ka zauna a aji ɗaya da gaske, ga malama a gida.

Abu na ƙarshe. Ranar Alhamis ka bar babbar rigar nan a wurin mai guga, ka sa kaftani mai sauƙi, ka cika aljihu da biskit. Idan aka kira sunan Larai ta miƙe, dole wani ya karɓi Muhibba, kuma ɗakin renon da ka goge da hannunka ba a gina shi ba tukuna. Kai ne ɗakin renon ranar. Ka riƙe ta a inda 'yan majalisa za su gan ka da kyau.

Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya, ya sanya albarka a hannun Larai, ya motsa maka matakin nan na takwas. Ka gaishe ta, ka ce Goggo ma inbatarta tana ƙara.

Taku,
Goggo Saudatu