Gafakar da Na Daina Buɗewa

Assalamu alaikum Anti, da ke da duk masu bibiyar shafin nan, Allah ya sa kuna lafiya. Don girman Allah a sakaya sunana. Wanda kuma zai zage ni ya daure ya kai ƙarshe tukuna, don ni ma ban raga wa kaina ba.

Ina aure a cikin gari, wajen Koki, a gidan malamai. Asalinsu Barebari ne, amma kakannin kakanninsu ma a nan aka binne su. Babban gida ne, kowane ɗa da sashensa, banɗaki biyu muke haɗawa mu matan gidan. Maigidana shi kaɗai ne ya bi kasuwa, yana kai huluna kudu, sai ya yi wata biyu ban sa shi a ido ba. Ni ma ɗinkin hular nake yi a ɗaki. Haihuwata ta uku da ƙyar na sha, aiki aka yi mini, likita ya kira mu mu biyu ya ce idan na sake ɗaukar ciki nan kusa, to mu kuka da kanmu. Da yardar maigidan aka sa mini robar mahaifa, irin mai magani a jikinta. A hanyar dawowa, cikin adaidaita, ya ce mini magana ɗaya yake roƙo, kada kowa ya ji a gidansu, musamman mahaifiyarsa. Na yi masa alkawari.

Sistar asibitin ta faɗa mini tun ranar cewa zan iya ganin ɗigon jini a watannin farko. Na ɗauka abin wasa ne. Ashe! Yau ya zo, gobe ya ɗauke, in yi wanka in yi salla biyu, kafin la'asar ya dawo. Wani lokaci ja, wani lokaci kamar ruwan shayi, wani lokaci ɗigo ɗaya tal sai kuma shiru. Ba ciwo, ba jiri, amma ban san ranar da nake da tsarki ba. Na koma asibiti, Sista ta duba ta ce robar tana wurinta, jikina ne bai gama sabawa ba, yawanci yakan lafa, wasu ma al'adar kan ragu sosai daga baya. Ta ce in riƙa lura da ranakun, idan ya yi yawa ko na ji ciwon mara ko zazzaɓi in dawo maza, kuma kada in sha jiƙe-jiƙe. Da na tambaye ta salla fa, sai ta yi dariya ta ce wannan sai malamai. Na kira maigidan, ya yi ta kame-kame, ya ce in tambayi likita. Kun ji fa. Wannan ya tura ni wajen wancan, wancan ya dawo da ni.

Malamai kuwa ga su nan cike da gidanmu. Daga unguwanni ake zuwa zaurenmu da tambaya, ina ɗinki ina jiyo muryar yayan mijina yana warware wa mutane mas'alar gado da ta saki. Amsata tana bayan katanga ɗaya. Amma ta ina zan fara? In tsaya gaban yayan mijina in ce masa me? Malamar Islamiyyarmu kuma ƙanwarsu ce. Na san akwai jinin haila akwai na ciwo, mun karanta ina yarinya, amma lissafin ya kwance mini, kuma ina tsoron in yi wa kaina fatawa. Sai na koma wanka, na yi na safe na yi na rana, har faccalata ta tare ni da bokiti a hannu tana dariya, wai wannan wanka haka, maigida ba ya gari, ko aljani ne ya aure ni. Na taya ta dariya, na shiga banɗakin na yi kukana.

Duk wannan zan iya ɗauka. Abin da ya kawo ni shi ne Iya, mahaifiyar mijina. Idonta ya tafi shekarun baya. Marigayi Malam, mijinta, ya bar Alƙur'ani da ya rubuta da hannunsa, warƙa warƙa, a cikin gafakar fata. Tun da aka kawo ni gidan ta ji karatuna ta ce ni zan riƙa yi mata. Kullum da hantsi in na gama shara sai in je ɗakinta, ta ce, “Ɗauko mana Malam.” Haka take kiran gafakar. In karanta mata izu ɗaya, ita tana bi a hankali, in mun shafa sai ta ba ni labarinsa, yadda yake dafa tawada, yadda yake korar yara in yana rubutu. Wallahi Anti, a gidan nan kaf wannan zaman ne kaɗai nake jin ni ma 'yar gida ce. Uwata ta rasu tun ina budurwa. Iya ce take ajiye mini ƙosai a ƙarƙashin faifai.

Da, in al'adata ta zo, sai in ce mata ina fashin salla, mu dakata har in yi wanka. Ta san kwanakina sarai. Watan farko da sa robar, sau biyu na ce mata ina fashin salla. A karo na uku ta kama hannuna ta tambaye ni ko ɓari na yi nake ɓoyewa, ta ce bari ta aika zaure a yi mini rubutu, a kuma kira ungozoma ta duba ni. In ungozoma ta shigo, ai magana ta gama gida kafin azahar. Na ce mata a'a, kuskure na yi, lafiyata ƙalau.

Daga ranar na fara abin da nake jin kunyar rubutawa. Ba zan iya taɓa rubutun Malam ina cikin shakka ba, ba zan iya kuma ce mata ba ni da tsarki ba. Lokacin mun shigo wajen da nake da hadda. Sai na riƙa shigowa da takardun da nake fitar da zanen hula, masu kauri ne, a cikin hijabina. In ɗauko gafakar da gefen mayafi in ajiye a kan matashi, in karanta da ka, ina juya takardun hula don ta ji motsin warƙa. Ranar da na tabbatar da tsarkina in buɗe na gaskiya, ranar shakka in yi wannan, kuma ranakun shakkar sun fi yawa. Tsohuwa makauniya, ta yarda da ni, tana share hawaye tana cewa in ta ji ƙarar takardar nan kamar yana zaune a ɗakin. Wace irin mace ce ni? Karatun dai na Allah ne, ban canza harafi ba, haka nake lallashin kaina. To amma ƙarar takardar fa?

Makon jiya muna tsakiyar karatu ta miƙo hannu.

“Ba ni warƙar nan in taɓa, 'yar nan. Na yi mafarkinsa.”

In na buɗe gafakar a lokacin za ta ji ƙarar igiyar. Na rasa dabara, na miƙa mata abin da ke hannuna. Ta ɗora a cinya tana shafawa. Takardun nan nakan huda su da allura in bi layin zanen, kuma ina kallo yatsanta ya sauka kan hudojin, ya bi su, ya zagaye, ya dawo. Matar da ta yi shekara hamsin tana jera wa Malam warƙoƙinsa. Har ta ɗaga za ta kai fuskarta, sai ta fasa, ta miƙo mini.

“Allah ya jiƙan Malam. Ci gaba.”

Na ci gaba. Ba ta tambaye ni ba, ba ta faɗa wa kowa ba, ƙosaina ma yana nan ƙarƙashin faifai. Amma tun ranar ba ta sake cewa in ɗauko mana Malam ba. Sai dai ta ce, “Zauna ki karanta.” In mun shafa ta juya ta ja carbinta, babu labari. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na kira maigidan na ce ya sake ni daga alkawarin nan, ko Iya kaɗai in faɗa wa. Ya ce in rufa masa asiri, in ya dawo ma yi magana, kuma bai san ranar dawowa ba. Na yi tunanin in je a cire robar kowa ya huta, sai in tuna fuskar likitan nan, in dubi 'ya'yana uku. Na san wani zai ce in duba a waya in karanta. Ai ba karatun ne ya gagare ni ba, ƙaryar ce ta ishe ni. Ga shi mun kusa sauka, daga nan sai a koma Baƙara, inda haddata ba ta kai ba.

Don Allah malaman da ke shafin nan, mata ko maza, ku yi mini bayanin hukuncin wannan ɗigon dalla-dalla, yadda zan gane. Matan da suka sa irin robar nan, ku faɗa mini gaskiya, yana tsayawa? Sannan Iya. In na faɗa mata na ci amanar ɗanta, in na yi shiru ina ci gaba da cin tata. Gobe da hantsi zan sake shiga ɗakin nan, gafakar tana rataye a inda take, ita kuma tana zaune tana jiran ta ji da wace takarda na zo.

Me zan yi?