Abin da Ya Ci Hantar Baballe

Agege, Ikko
9 ga Mayu, 1977

Zuwa ga ɗana Abdulganiyu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka da duk danginmu na Ringim. Allah ya sa albarka a aikin koyarwarka, ya tsare ka daga abin kunya. Mu nan mun gode Allah. Babanku yana fita mayanka kullum, sai dai gwiwar nan tasa ta fara hana shi tsayuwa mai tsawo. Ƙanwarka Zuwaira ta gama jarrabawa, tana taya ni aikin gida, ko da yake Yarabanci ya fi Hausa sauƙi a bakinta, kuma ina yi mata faɗa a kan haka. Takardarka ta watan jiya ta iso. Layi huɗu ne, na ƙirga. Malamin makaranta da ba ya iya cika wa uwarsa shafi ɗaya, ban san abin da yake koya wa 'ya'yan mutane ba. Ka gyara.

Yanzu ka zauna ka karanta da natsuwa, domin maganar yayanka ce, wanda kuke kira Baballe. Ka tuna takardar da na aiko a daminar bara, wadda na ce a cikinta ya lalace da shan giya a Ikko. Kai ka karanta ta a zauren Malam Mu'azu, surukinsa, kamar yadda na umarce ka. Saboda ita ne Malam Mu'azu ya hana 'yarsa Ruƙayyatu dawowa ɗakin mijinta bayan ta gama wankan jego, kuma na ji ya ce da zarar an yaye jaririyar zai je gaban alƙali a raba auren. To, abin da na rubuta ba gaskiya ba ne. Yayanka bai taɓa kai giya bakinsa ba. Ni na yi masa ƙazafi, da hannuna, da alƙalamina.

Bari in gaya maka yadda na faɗa wannan rami, don kada kai ma wata rana ka faɗa irinsa. Yayanka ya fara ramewa, wuyansa ya fito, cikinsa kuwa yana ƙara girma. Iyatu maƙwabciyarmu ta ce ta gan shi sau biyu yana fitowa daga wani gidan giya a Oyingbo. Ni kuma na tuna hoton da aka nuna mana a darasin kiwon lafiya lokacin da nake sakandare, hantar mashayi, ta kumbura ta yi ƙuraje. Na haɗa maganar Iyatu da hoton littafi, na yanke hukunci. Ilimi kaɗan ya fi jahilci haɗari, sai yanzu na yarda. Na ce wa babanku ya tambaye shi. Ya ce shi dai shekara biyar suna tsayuwa kafaɗa da kafaɗa a mayanka bai taɓa jin wari a bakin yaron ba, kuma gidan nan na Oyingbo kayan ciki suke saya a wurinsu don farfesu, dole wani ya kai musu. Na ce masa namiji ba ya ganin laifin ɗansa. Ni kaina ban tambaye shi ba. Ka san ɗan fari ne. Tun da na haife shi ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa zama da shi mun yi magana ido da ido ba, kunya ba ta bari. Na iya rubuta laifinsa zuwa Ringim, amma na kasa tsallaka tsakar gida in ce masa me ke damunka. Shi kuma labarin ya dawo kunnensa. Ya naɗe tabarmarsa ya koma Ijora wurin abokinsa Ɗanjuma, yana aikin ɗaure fatu a sito.

Mako uku da suka wuce, da tsakar rana, yana cikin aiki sai ya durƙusa ya kama aman jini. Ɗanjuma ya tare motar haya ta danfo, ya roƙi mutanen ciki suka sauka, suka kai shi babban asibiti. Mahauta shida daga mayanka suka je suka ba da jininsu, har da wani Bayarabe da ke ce masa shi ma yanzu ya zama ɗan Ibadan rabi da rabi. Allah ya saka musu. Da jinin ya tsaya, likitoci suka duba bayan gidansa, sannan suka soka wata doguwar allura a gefen cikinsa suka ɗebo ɗan tsokar hanta, bai kai ƙwayar shinkafa ba.

Likitan da ke duba shi dattijo ne mai haƙuri. Ya kira mu ni da babanku. Tun kafin ya buɗe baki na riga shi, na ce masa da Turanci na san giya ce, ya faɗa mini gaskiya kawai. Ya dube ni ta saman gilashinsa ya ce, Mama, wa ya gaya miki haka. Ya ce ya ga hantar mashaya ba adadi, wannan ba ita ba ce. A hantar mashayi naman hantar ne ke mutuwa, ta yayanka kuwa namanta na aiki, hanyoyin jinin da ke ratsa ta ne suka toshe. Sai ya tambaya ko yaron ya taɓa zama inda ake wanka a tafki ko fadama.  Ai tun ranar yaye na miƙa shi ga kakarku a Ringim, bisa al'ada, kuma na yi murna da haka, don ina ganin can zai tashi da tarbiyya, nesa da ruɗin Ikko. Shekara goma sha huɗu ya yi yana iyo a tafkin bayan gari.

Ga abin da likita ya bayyana, na sa ya maimaita sau biyu don in rubuto maka daidai. Ciwon ɗan'uwan tsargiya ne. Mu tsargiyar fitsari muka sani, wadda har wasu marasa tunani ke cewa alamar balaga ce ga yaro. Wannan ta hanji ce, kuma tsutsa ke kawo ta. 'Ya'yan tsutsar suna fitowa daga jikin ƙananan katantanwar ruwa, su huda fatar mai wanka, su shiga jini. Can suke girma, mace da namiji, su zauna a jijiyoyin jinin hanji shekara da shekaru suna zuba ƙwai. Wasu ƙwan suna fita da bayan gida, wasu kuma jini ya kwashe su ya kai hanta, su maƙale a ƙananan hanyoyi. Babanku ya ce ai ya san wannan, sau nawa yana tsaga hantar saniya ya ga tsutsa shimfiɗe kamar ganye, da fararen jijiyoyi masu tauri har wuƙa na ƙara, likitan dabbobi ya sa a zubar. Likita ya yi dariya ya ce Alhaji ya kusa, amma ta shanu wata ce daban, dangi ne dai, kuma su ma ta katantanwa suke bi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan. Ya ce tsutsar da kanta ba ita ke yin mafi yawan ɓarnar ba. A cikin jininmu akwai fararen ƙwayoyi da Allah ya halitta don tsaron jiki. Da sun ji ƙwan nan ya maƙale, sai wasu daga cikinsu su gane baƙo ne, su kira 'yan'uwansu, su taru su kewaye shi, sahu bayan sahu, har su rufe shi ruf. Ya sa ni na leƙa madubinsa mai ƙara girman abu na gani da idona: ɗan ƙwai guda mai ƙaya a gefe, da taro a kewaye da shi wanda ya ninka shi girma nesa ba kusa ba. In ƙwan ya mutu, taron ya watse, sai wurin ya zama tabo. Tabo ɗaya ba komai ba ne. Amma ƙwai dubbai ne, shekara da shekaru, tabo a kan tabo, har hanyar jini ta ƙuntata. Jinin da ya rasa hanya sai ya koma baya, saifa ta kumbura, jijiyoyin maƙogwaro na ciki su cika har ɗaya ta fashe. Abin da ya faru a Ijora ke nan.

Na ce masa, to me zai hana a ba shi maganin da zai kwantar da waɗannan masu tsaron, tunda su ne masu ɓarna. Ya girgiza kai. Ya ce masu bincike sun gwada a jikin ɓeraye, sun raunana ƙwayoyin, taron ya ragu, amma dafin da ƙwan ke fitarwa ya shiga naman hanta kai tsaye, ɓerayen suka mutu da wuri. Wato kewayewar tana da amfani, yawanta ne illa. Ya ce a jikin yawancin mutane, in ciwon ya daɗe, masu tsaron kan sassauta da kansu, su riƙa yin ƙaramin taro, shi ya sa yara ɗari za su yi wanka a tafki ɗaya amma kaɗan ne hantarsu ke lalacewa. Na yayanka ba su sassauta ba, kuma har yau likitoci ba su gama sanin dalili ba. Na dawo gida a motar haya ina juya maganar nan. Shekara talatin ina taƙama da cewa ni ce mai tsaron gidan nan, ba abin da zai shigo ban tare shi ba. Kai malami ne, ba sai na fassara maka ba. Amma kada ka ɗauka don na yi kuskure sau ɗaya na daina tsawatarwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wannan har gobe gaskiya ce. Abin da na koya shi ne a tambaya kafin a tanƙwara.

Sun ba shi maganin kashe tsutsar, yana sa shi jiri da ciwon kai, amma yana jurewa. Likita bai ɓoye mana ba, magani zai hana sabon ƙwai, ba zai goge tsohon tabo ba. Jinin na iya dawowa, kuma suna shawarar ko za su yi masa aiki su cire saifar. Ya daina ɗaukar kaya mai nauyi, abincinsa mai laushi, gishiri kaɗan. Yana bukatar mai kula da shi dare da rana, kuma ba uwar da ke jin kunyar kallon fuskarsa ba. Matarsa yake bukata.

Kai kuma, 'ya'yanka Talle da Kande na ji suna yini a wannan tafkin. Ka hana su, ka kai su asibitin Kano a duba musu fitsari da bayan gida, kai ma a duba ka, don duk hutun da ka yi a can tare kuka riƙa shiga. Kada ka ce mini ai kowa na shiga. Yayanka ma abin da aka ce ke nan.

Ga aikin da na ɗora maka, kuma ba na son jinkiri. Ran Juma'a bayan la'asar, lokacin da mutane suka cika zauren Malam Mu'azu kamar ranar da ka karanta waccan, ka je ka nemi izini ka karanta wannan da ƙarfi. Kada ka tsallake layi ko ɗaya don rufa mini asiri, har inda na ce na yi ƙazafi. A gaban mutane na ɓata shi, a gaban mutane za a wanke shi. Na haɗo da takardar likita mai hatimi, ka fassara musu. Ka ce wa Malam Mu'azu ban ga laifinsa ba, uba ne, ya kare 'yarsa bisa maganar da ya ɗauka ta mutuniyar kirki ce. Ina roƙonsa gafara, ina roƙon Ruƙayyatu gafara. Ka kuma gaya musu gaskiyar halin da mijinta ke ciki, kada ka rage, don ba na son ta dawo bisa wata ƙaryar kuma. In sun yarda, ka rako ta da kanka, ka bugo waya ranar da za ku hau jirgin ƙasa, mu tare ku a tashar Agege.

Jiya na zauna a bakin gadonsa, karo na farko a rayuwata. Na ce masa na zalunce shi. Ya juya fuskarsa bango ya ce ba komai, Hajiya, ya wuce.  Can sai ya tambaye ni, a hankali, ko na ji labarin yarinyar, ta fara zama ne, kuma da wa ta yi kama. Wata goma ke nan da haihuwarta, bai taɓa ganinta ba. 

Ka gaida matarka Dije da yara. Ka gaida Gwaggo Rahmatu, ka ce mata zanen da ta ce in saya mata a Jankara yana nan, zan ba ka ka kai mata. Ka gaida Kawu Ali da mutanen gidansa. Babanku da Zuwaira suna gaishe ku. Allah ya yi maka albarka, ya ba yayanka lafiya, ya yafe mini. Likita ya ce za su sallame shi nan da kwana goma sha biyu, na kuma sa an share ɗakinsu an sake shimfiɗa. Kada ka bari ya shiga ya tarar da shi babu kowa.

Ni ce mahaifiyarka,
Hajiya Batulu Iliyasu