Na Yi Wa Ciyawar 'Yata Noma a Ɓoye

Assalamu alaikum mutanen wannan zaure. Admin a sakaya sunana, furfurata ta sha kunya ta ƙoshi. Don Allah ku ba ni shawara.

Ni manomi ne, bokona bai wuce aji uku ba, shi ma rabinsa gyangyaɗi ne. Ɗana likita ya kawo ni Birmingham a yi min aikin ido, ina wurinsa a Perry Barr. Autata kuma tana uni a Manchester, karatunta a kan wata 'yar ciyawa ce mai fure ruwan hoda, da ke fitowa a wani fili bakin ruwa kusa da mu. Wai da tana cikin tsirran da doka ke karewa don sun kusa ƙarewa, sai aka ce ta farfaɗo aka cire ta. Aikin yarinyar shi ne ta riƙa ƙirga ta, a ga ko za ta rayu ba hannun kowa. Ma'aikacin ƙaramar hukuma mai zagaya wurin an sallame shi da gwamnati ta tsuke bakin aljihu, ita kuma sai wata-wata take zuwa daga Fallowfield, unguwar da take zaune a Manchester, shi ne ta ce in riƙa leƙa mata. Leƙawa kawai ta ce, har sau biyu ta faɗa.

To jama'a, wanda ya shekara hamsin da fartanya, a ce ya tsaya kallon shuka tana yaushi? Na fara da tuge ƙayar da ta shaƙe ta. Da ruwan sama ya yi fashi na ɗauko butar alwalata. Daga nan sai taki, wurin masu dawaki na roƙo, a leda nake kaiwa. Har dashe na yi, inda ta cunkushe na rarraba, na daddanne ƙasa yadda ba mai ganewa.

Abu ya yi kore shar. Yarinya ta zo ta ƙirga har da hawayen murna, ta kira malamarta a gabana, ni kuwa ina gefe ina gyara zaman hula. Yanzu ta rubuta rahoto cewa ciyawar tana yaɗuwa da kanta, ba sai an mayar da ita ƙarƙashin kariya ba. Wata mai zuwa za ta miƙa.

Na gaya wa yayanta, ya yi min faɗa cikin ladabi, ya ce in na buɗe baki ƙirgar damina biyu ta tashi a banza, masu scholarship da ke biya mata karatu kuma ba za su ƙara mata lokaci ba, in yi shiru kawai. Amma bayan Sallah zan koma gida. Na san yadda filin nan zai zama in ba ni, kuma sunanta ne a kan takardar, ita za a tuhuma.

Jiya ta bugo tana cewa, Baba Allah ya saka da alheri, kun riƙe min amana. Na ce amin. In faɗa mata kafin ta miƙa, ko in bari? In kuwa faɗar ce, ku da kuka yi karatu, da wace kalma uba yake farawa?